Anza tsakanin daji da gona: siffarta, ɗacinta da batun shuka ta

1. Icce da sunansa

Cikin ƙananan itatuwan da ke dajin ƙasarmu, tun daga Filinge har Gure, kaɗan ne suka kai anza yawa, kuma kaɗan ne aka yi ma riƙon sakainar kashi kamarta. A cikin wannan ƴar maƙala muna so mu bayyana siffar anza kamar yadda masana tsirrai suka san ta, mu duba inda ɗacinta ya samo asali, sa'an nan mu tsaya bisa tambayar da ta fi damunmu: icce mai jure fari haka, mai ba da abinci daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mi ya hana shi shiga gona? Aikinmu nazarin harshe ne, saboda haka za mu bi ta kalmomin da manoma da ma'aikata ke amfani da su, don a ganinmu wani sashe na amsar yana cikin kalmomin nan.

Sunan kansa yana zuwa da fuska biyu, anza da hanza, gwargwadon yanki da bakin mai magana. Wannan musanya ba baƙuwa ba ce a Hausa. Muna samun ta cikin anta da hanta, da kuma aihuwa da haihuwa. Paul Newman ya nuna tun 1976 cewa h ɗin farkon kalmomi da yawa na asalin Hausa daga baya ya shigo, don cike gurbin baƙi a kalmomin da a da suke farawa da wasali. Inda h bai shigo ba, hamza ce ta zauna, wadda rubutunmu ba ya nunawa a farkon kalma. Ke nan babu ɗaya daga cikin biyun da za a ce ita ce kuskure. Mu a nan mun ɗauki anza. Kalmar tamace ce: anza ta yi huda, anza ta nuna. Ƴaƴanta kuwa, musamman ƙwayar da ake ci, suna da sunansu daban, wato dilo. Wannan abin lura ne, domin Hausa ba ta cika raba sunan icce da na ɗansa ba sai inda ɗan yake da muhimmanci a rayuwar mutane.

Zabarmawa ma anza suke cewa. Buzaye suna cewa tadant, Fulani gigile, Bambara bere, Larabawan Sudan muhet. A Latin sunanta Boscia senegalensis. Lamarck ne ya raɗa ma jinsin suna Boscia don girmama Louis Bosc, wani masanin halittu na Faransa wanda ya rayu daga 1759 zuwa 1828. Kashi na biyu na sunan kuwa yana nuna Senegal, inda Turawa suka fara tattara ta. Tana cikin dangin Capparaceae, tare da zure, da jiga, da bagayi, waɗanda duk makiyayi ya san su.

2. Siffa

Anza ƙaramin icce ne mai fito da rassa da yawa tun daga gindi. Galibi tsayinta bai wuce mita 1 zuwa 3 ba, ko da yake inda aka ƙyale ta shekara da shekaru takan zama icce sosai mai inuwa. Ba ta da ƙaya. Ganyenta mai kauri ne, mai tauri kamar fata, dogo-dogo, mafi girmansa yakan kai kimanin santimita 12 a tsayi da 4 a faɗi, da ɗan tsini a ƙarshe. In aka juya shi za a ga jijiyoyinsa farare sun fito fili kamar saƙa; da wannan ne ɗalibi zai fi saurin rabe ta da ƴan'uwanta. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne ganyen ba ya kaɗewa. A watan Afirilu, lokacin da sabara ta yi toka-toka, geza ta tuɓe sarai, ƙasa ta koma ja, anza tana nan kore shar. Kaurin ganyen yana rage asarar ruwa, saiwarta kuma tana nutsawa can ƙasa inda danshi bai ƙare ba.

Ana samun ta daga Muritaniya da Senegal har Sudan da Habasha, cikin sashen da ruwan shekara yake tsakanin milimita 100 da 500. Ba ta zaɓen ƙasa. Tana yi a jigawa, tana yi a fako da tsakuwa da gefen dutse, tana kuma son tsohon suri, inda gara ta riga ta tono ƙasa mai laka ta tara.

Furen ne ya fi buƙatar bayani, kuma a nan harshe yana ba mu aiki. Hausa tana da fure, ko hure a bakin mutanen yamma, tana da huda, amma ba ta rarraba sassan fure da sunaye ba, domin manomi bai taɓa buƙatar haka ba. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, masu shirya littattafan kimiyya suke fama da wannan giɓi. Don buƙatar wannan maƙala za mu ce kwanson fure ga koren ganyayen da ke rufe shi tun yana toho, rigar fure ga ganyaye masu launi da ke jawo ido, zaren namiji ga siraran zaruruwan da ke ɗauke da garin barbara, uwar ɗa ga wurin da ƴaƴa ke ƙulluwa.

To, furen anza ba shi da riga ko kaɗan. Kwanso huɗu gare shi, kore-kore, masu ɗan gashi, sai zaruruwan namiji da dama da suka miƙe waje, sai uwar ɗa a tsakiya, bisa wani ɗan siririn sanda da ke ɗaga ta sama. Wannan ɗan sanda alama ce ta dangin gaba ɗaya, kuma yana nan ko bayan ɗa ya ƙullu: wanda ya duba da kyau zai ga kamar marikin ɗan anza yana da gaɓa biyu. Furannin ƙanana ne, suna fitowa cunkus a kan reshe, launinsu tsakanin kore da fari. Da yake ba su da rigar da za su yi talla da ita, ƙamshi ne ke kiran ƙudan zuma da sauran ƙwari, ƙamshi mai ƙarfi wanda wasu ke so, wasu kuma ke cewa yana hawa kai.

Lokacin hudar shi ne babban al'amari. Anza ba ta bin kalandar hatsi. Tana huda bayan ɗaukewar ruwa, daga kaka zuwa cikin ɗari, ƴaƴan su kwashe rani duka suna girma a hankali, ba su nuna sai bazara zuwa farkon damana. Ɗan anza kewayayye ne, faɗinsa santimita 1 zuwa 2, ɓawonsa mai ɗan kaushi, kore tun yana ɗanye, rawaya in ya nuna. A ciki akwai ɗan ruwa mai yauƙi da zaƙi wanda yara da tsuntsaye ke sha, da ƙwaya 1 zuwa 4, masu launin kore. Ke nan icce ne da ke kawo amfaninsa a watannin Yuni da Yuli, daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare, na bana kuma bai wuce tsayin idon sau ba, aikin noma kuwa yana neman ƙarfin jiki.

3. Ɗaci

Wanda ya taɓa tauna ɗanyen dilo ba ya sakewa. Ɗacin ya fito ne daga wani sinadari mai suna gulukokafarin, wanda ke cikin ganye da ƴaƴa. Muddin ganyen ko ƙwayar suna lafiya lau, sinadarin yana kwance. Da zarar an tauna, ko an daka, ko ƙwaro ya huda, sai ya haɗu da wani abin narkarwa da tsiron ya ajiye a wani ɗaki daban, nan take su haifar da metil-izotiyosiyanat, wani abu mai tashi cikin iska, mai yaji, mai guba. Dabara ce ta kare kai, kuma ba anza kaɗai ke da ita ba: yajin mutardi, da warin kabeji in ana dafa shi, da yajin ƙwayar gwanda, da ɗan ɗacin zogale, duk daga sinadarai ƴan gida ɗaya suke, domin tsirran nan dangi ne na nesa. Shi wannan na anza, masana'antu ma suna amfani da irinsa wajen kashe ƙwarin cikin ƙasa kafin shuka.

Daga nan abubuwa da yawa suke bayyana. Na farko, dabbobi ba su cika damuwa da ganyenta ba. Raƙumi da akuya sukan taɓa in rani ya tsananta, shanu kuwa sai dole. Wannan ne ya sa a kewayen rijiyoyi da tsofaffin garuruwa, inda kiwo ya cinye sauran itatuwa, anza ta rage ita kaɗai. Yawanta a irin wurin nan ba alamar lafiyar daji ba ce, alama ce ta cewa sauran sun tafi. Maƙiyinta na gaske wani farin malam-buɗe-littafi ne, Belenois aurota, wanda tsutsarsa ta saba da gubar, har takan cinye ganyen icce ƙaf a wasu shekaru. Anza takan sake toho bayan haka.

Na biyu, al'adar sa ganyen anza cikin rumbu ko cikin buhun wake tana da tushe. Masu binciken ƙwari na Jami'ar Yamai sun gwada ɗanyen ganyenta bisa ƙwaron wake tun cikin shekarun 1980, kuma a 1993 Dogo Seck na Senegal da abokan aikinsa suka tabbatar cewa iskar metil-izotiyosiyanat ce ke kashe ƙwaron. Sharaɗin shi ne ganyen ya zama ɗanye, a daddaka shi, a kuma rufe mazubin ruf don kada iskar ta tsere. Busasshen ganye da aka watsa bisa buɗaɗɗen rumbu ba zai yi aikin ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, sinadarin yana narkewa cikin ruwa. A kan wannan ne duk fasahar mata ta sarrafa dilo ta ginu. Ana tsinko ƴaƴan, a shanya, a sussuka a turmi don ɓawo ya fita, a sheƙe, sa'an nan a jiƙa ƙwayar cikin ruwa kwana da kwanaki, daga uku har zuwa mako guda, ana zubar da ruwan ana sake sabo. Wasu sukan fara tafasa ta, wasu su sa kanwa ko ruwan toka don aikin ya yi sauri. Harshe ne ma'auni: sai ɗaci ya fita ake dafawa. Daga nan a ci ta kamar dafaffen wake da mai da gishiri, ko a sake shanyawa a niƙa a yi tuwo ko kunu, ita kaɗai ko a gauraya da garin hatsi. Akan kuma soya ƙwayar a sha ruwanta maimakon kafe. Binciken da aka yi a Sudan a 1991, da wanda aka yi bisa dilon Nijar a 1997, sun nuna ƙwaya ce mai yawan sitaci, mai furotin fiye da na hatsi.

Sai dai kada a manta da tsadar wannan aiki. Jiƙo yana cin ruwa, ruwa kuwa a ƙauyukan Damargu ko Adar a watan Mayu mata ne ke jawo shi da guga daga rijiya mai zurfin gaba da yawa. Haɗarin anza yana zuwa ne in yunwa ko ƙarancin ruwa suka sa aka gajarta jiƙon. Wanda ya ce anza guba ce bai yi ƙarya ba, amma rogo mai ɗaci ma haka yake kafin a jiƙa shi, kuma ba wanda ya hana shi zama amfanin gona.

4. «Abincin yunwa»

A rahotannin da ake rubutawa da Faransanci ana kiran anza aliment de disette, masu fassara kuma suka mayar da shi abincin yunwa. Tarihi ya ba wannan suna hujja. Tsofaffi sun gaji labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, an kuma ga farin 1973 da na 1984, wanda mutanen Maraɗi ke kira El Buhari. A kowane daga cikinsu dajin anza ya riƙe rayuka. A Darfur ma, a yunwar 1984 zuwa 1985, muhet ce abincin daji da aka fi ci, kamar yadda Alex de Waal ya bayyana a littafinsa na 1989.

Amma mu dubi ginin kalmar. A Hausa, in an ɗaura suna biyu da -n ko -r, dangantakar da ke tsakaninsu a buɗe take: maganin sauro yana kashe sauro, maganin ƙarfi yana kawo ƙarfi. Abincin yunwa zai iya zama abincin da ke maganin yunwa, zai kuma iya zama abincin da ba a ci sai yunwa ta tilasta. Ma'ana ta biyu ce ta yi rinjaye, kuma ta zo da kunya. Maigida ba ya so a ga dilo a tukunyar gidansa, don kada a ce rumbunsa ya ƙare. Su ma masu auna ƙarancin cimaka suna lissafa cin abincin daji cikin alamomin matsi. A 2005, lokacin da ƴan jaridar ƙasashen waje suka cika Maraɗi da Damagaram, hoton mata masu tsinkar anza ya zama shaidar bala'i, alhali kuwa a wasu yankunan arewa aiki ne na kowace shekara, ko damana ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ba muna cewa ba a sha wuya a 2005 ba. An sha, yara da yawa sun mutu. Abin da muke cewa shi ne cin anza shi kaɗai ba ma'auni ba ne. Ma'aunin shi ne yawan da ake ci, da watan da aka fara, da ko akwai wani abu a gefenta.

Illar wannan suna ga batunmu a fili take. Mutum ba ya ware wuri a gonarsa don abin da yake jin kunyar ci.

5. Shuka, dasa, bari

Hausa tana da aikatau uku da suka shafi yadda icce ke samun wuri a gona. Ana shuka iri a rami. Ana dasa tsiron da aka rena a wani wuri. Ana kuma barin wanda ya fito da kansa, wato a ƙi sare shi. Bayan farin shekarun 1970, kusan duk aikin yaƙi da hamada bisa na biyun ya dogara: a rena ƴan itatuwa cikin leda, a yi ta ba su ruwa, a kwashe su da mota a kai fili a dasa. Bikin ranar 3 ga Agusta ma dashen itatuwa ake ce masa. Dalbejiya, wadda muke kira bedi ko dogon yaro, ta karɓi wannan hanya, shi ya sa ta cika garuruwanmu. Anza ba ta karɓe ta da daɗi ba, kuma dalilan suna cikin halittarta.

Dalili na farko yana ga ƙwayar. Hatsi, da dawa, da wake, da ƙwayar bagaruwa ko gawo, duk ana iya busar da su a ajiye, su tsira baɗi ko baɗin baɗaɗa. Ƙwayar anza tana cikin rukunin da ba su jure bushewa: in danshin cikinta ya sauka ƙasa da wani mizani, ɗan tsiron da ke ciki ya mutu. Pascal Danthu da abokan aikinsa sun nuna haka a Senegal a shekarar 2000, inda suka gwada ta tare da ƙwayar kaɗanya, wadda ita ma halinta ke nan. Abin mamaki ne a ce iccen da ya fi kowa jure rani ya haifi ƙwayar da ba ta jure shanya, amma in aka koma ga kalandarta sai a ga hikimar: ƴaƴan suna nuna ne daidai saukar ruwa, tsuntsu ya sha zaƙin ya yar da ƙwayar bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta tsira ba tare da jira ba. Ba ta taɓa buƙatar koyon barci ba.

Sakamakon haka ga mai son shuka ta yana da yawa. Dilon da aka shanya don ci, ko wanda aka sayo da tiya a kasuwa, ba iri ba ne. Ba za a iya tara irin anza a ma'ajiya a birni a rarraba ma ƙauyuka baɗi ba, kamar yadda ma'aikatar noma ta saba yi da hatsi. Iri sai daga ɗan da ya nuna sosai a kan icce, ya yi rawaya. A cire ɓawo, a wanke yauƙin, a shuka cikin ƴan kwanaki, bayan an sami ruwa mai kyau. Wato wurin da za a shuka dole ya kasance kusa da uwar, kuma mai shukar dole ya kasance mutumin wurin.

Dalili na biyu yana ga saiwa. Ɗan tsiron anza yana fara aikinsa ne a ƙasa. A shekarar farko abin da ake gani a sama ƴan ganye ne da ba su kai tafin hannu ba, saiwa kuwa ta riga ta yi nisa tana neman danshin da zai fitar da ita rani. Cikin leda wannan saiwa takan naɗe, ko ta huda ledar ta kama ƙasa a tsinke ta ranar ɗauka. Tsiron da aka shuka a mazauninsa ba ya gamuwa da wannan matsala. A kan wannan tunani ne ƙungiyar Eden ta gina aikinta a Dalli, kusa da Tanut, tun ƙarshen shekarun 1980: shuka ƙwayar itatuwan gida masu ba da abinci kai tsaye a gona, ba reno, ba ban ruwa, ba taki, a yankin da ruwan shekara bai cika wuce milimita 250 ba. Anza tana cikin itatuwan da suka yi aiki a kansu.

Yadda ake yi ba shi da wuya. A sa ƙwaya biyu ko uku a rami marar zurfi, kamar na wake, a bar taki da yawa tsakanin rami da rami don hatsi ya sami wurinsa. Iyakar gona da gefen hanya sun dace ƙwarai. A fako, inda ruwa ke gudu, ramin tassa ko rabin-wata yana taimakawa. Abin da ya fi kashe tsiron ba fari ba ne, hauya ce: mai noma, musamman ɗan ƙwadago ko yaro, ba ya ganinsa cikin haki. Saboda haka kafa ɗan sanda ko jera duwatsu a bakin ramin ya fi ban ruwa amfani. Bayan girbi kuma sai tattakin dabbobi. In ya tsallake rani biyu na farko, da wuya ya mutu. Sai dai a yi haƙuri, domin shekaru ne ke wucewa kafin a ga huda ta farko, kuma wannan jinkiri gaskiya ne da bai kamata a ɓoye ma manomi ba.

Saura aikatau na uku, wanda a ganinmu shi ya fi saurin biya. A gonaki da yawa ba a rasa anza ba. Kowace bazara ne ake sare ta tare da sabara da kalgo lokacin sassabe, a ƙone. Kututturen yana nan da rai, da saiwar da ta shekara ashirin ko fiye tana nutsawa, kowace shekara yana sake toho, kowace shekara ana sake sarewa kafin ya kai ga huda. Hanyar da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jahar Maraɗi daga 1983, wadda manoma suka raɗa ma suna sassaben zamani, ba ta wuce wannan ba: a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, a sare sauran, a bar waɗannan su girma. Binciken da aka buga a 2009 ya ƙiyasta cewa hanyar ta shafi kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Sunan da manoma suka zaɓa ya cancanci a tsaya a kansa. Ba su ƙirƙiro sabuwar kalma ba. Tsohon aikin da kowa ya sani suka ɗauka suka canza masa ma'ana, har sassabe, wanda asalinsa share gona ne, ya koma nufin zaɓen abin da za a bari. Ga anza akwai ɗan bambanci da gawo ko bagaruwa: ba a neman ta miƙe ta yi gungume, tun da ƴaƴa ake so, kuma a kan ƙananan rassa suke fitowa. Aski kaɗan ya isa, don hauya ta sami hanya a gindinta.

6. Na wa ne?

Ko an shawo kan iri da saiwa, akwai sauran magana. A al'ada, abin da mutum ya shuka nasa ne, abin da ya fito da kansa kuwa na Allah ne, kowa yana da hannu a ciki. Ɗan anza, ko a tsakiyar gonar wani yake, ɗan daji ne a idon mai wucewa. Shi ya sa ake rige-rigen tsinke shi tun yana kore, don wanda ya jira ya nuna zai tarar wani ya riga shi. Ga mai neman dilo wannan ba asara ba ce sosai, amma ga icce asara ce, tun da ɗan da bai nuna ba ba ya ba da iri.

Dokar gandun daji ta 1974 ta ƙara ma abin nauyi ta wata fuska, domin ta sa manomi yana ganin icce a gonarsa kamar dukiyar gwamnati ce da za ta iya jawo masa tara, gara ya kawar da shi tun yana ƙarami. Ƙa'idojin dokar karkara na 1993, da sabuwar dokar gandun daji ta 2004, sun sassauta wannan, sa'an nan wata doka ta 2020 ta amince ƙarara da haƙƙin manomi bisa itatuwan da ya rena a gonarsa. Takarda ke nan. A ƙauye, abin da ke sa maƙwabci ya ɗauke hannu shi ne ya ga alamar aiki a jikin iccen: an yi masa aski, an kewaye shi, an kafa masa sanda. Aikatau rena, wanda Hausa ke amfani da shi ga yaro da maraƙi, shi ne ke fitar da icce daga daji ba tare da an matsa da shi ko taki ɗaya ba.

Ɗaya abin da ke canza matsayin icce shi ne kuɗi. Zogale ma ganyen bayan gida ne a da, kafin lambunan Maraɗi da na bakin kogi a Yamai su mayar da shi kayan kasuwa. A 2014 an kafa wani kamfani a Damagaram, Sahara Sahel Foods, don sayen ƴaƴan itatuwan daji daga hannun matan karkara, ya sarrafa anza ya fitar da ita a matsayin gari da dafaffiyar ƙwaya da kayan toyi, cikin leda mai rubutu. A kan ledar hanza aka rubuta, ba dilo ba. Ko da gangan aka yi ko ba da gangan ba, zaɓen ya kauce ma kalmar da ta fi manne da tunanin shekarun wahala. Masu nazarin harshe da ke aiki da ma'aikatan noma suna da abin yi a nan: a tattara, yanki yanki, daga Arewa zuwa Damargu, kalmomin da mata ke amfani da su ga kowane mataki na sarrafa ƙwayar, da sunayen da ake ba iccen mai manyan ƴaƴa ko mai sauƙin ɗaci. Inda duk aka sami irin waɗannan sunaye, to mutanen wurin sun riga sun fara zaɓe tsakanin icce da icce, kuma daga gindin waɗanda suka zaɓa ne ya kamata a ɗebi irin da za a shuka.